Shokazoban Baffa da Ƙwaryar Umma

Duk wanda ya saba bi ta layinmu a Limawa ya san motar nan. Tsohuwar Landiroba ce koriya mai buɗaɗɗen baya, tana tsaye a inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu, ta fi 'yan uwanta tsayi, har sai mace ta tattare zani kafin ta hau. A jikin ƙofarta an rubuta Albarka da farin fenti, rubutun ya koɗe saura kaɗan. Mai ita mahaifina ne, Malam Ɗan'inna Direba, mu 'ya'yansa Baffa muke ce masa. Ni ce autarsa, Afra'u, kuma an ce ni na gaji bakinsa, don haka kada kowa ya sa ran zan rufa masa asiri.

A wani ƙauye kusa da Kiyawa aka haife shi, gidan manoma, amma shi da fartanya ba su taɓa shiri ba. Kakata ta ce tun yana ƙarami in ya ji ƙugin mota sai ya yar da aiki ya bi ta da gudu. Ya yi ta bin manyan motoci tsakanin Kano da Birnin Kudu har ya iya tuƙi. Da aka yi jiha, Dutse ta fara cika, sai ya samu Albarka a gwanjon wata ma'aikata, ba fitila, ba kujerar kirki, ya jawo ta gida da igiya yana murmushi kamar ango.

A wancan zamani in ka bar kwalta ka bar hanya ke nan. Rairayi ne, kuma amalanken shanu sun haƙa masa ramuka biyu dogaye, sun bar tudu a tsakiya. Mota in ba ta da tsayi sai cikinta ya hau tudun nan, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Shi ya sa Baffa ya yi ta ƙara wa sifirin ɗin Albarka, wato lanƙwasassun ƙarafan nan da jikin mota yake zaune a kansu, falle bisa falle, har ta ɗaga ta kuma yi tauri. Da ita ya ɗauki gero da gyaɗa da riɗi, da tumakin kasuwa, da kayan ɗakin amare, da mata masu naƙuda. Gawa kuwa bai taɓa karɓar ko sisi a kanta ba.

Mutum ne mai faɗa, kuma faɗansa duk a kan abu ɗaya yake. Direbobi in sun zauna a tasha zancen inji suke yi, shi kuwa zancen shokazoba. Yakan ce sifirin shi ke ɗaukar nauyi, amma in ba shokazoba da zai riƙe shi, mota tsalle za ta yi ta yi har hanjin fasinja ya kaɗa. Ya sha sauka daga motar haya a tsakiyar hanya yana ce wa direba, “Kai, mutane ka ɗauko ko buhunan masara?” Mu dai mun sha kunya.

Yadda yake gwada sabon shokazoba shi ne abin da unguwa ta san shi da shi. Ba ya yarda da danna mota da hannu, ba ya yarda da rantsuwar mai sayarwa. Ƙwarya yake sa a ciko da nono har kusa da baki, kuma tsala yake so ba kindirmo ba, wai kindirmo yana da kauri, yana rufa wa mota asiri. Sai Umma ta shiga gaba ta ɗora ƙwaryar a cinyarta ba faifai, su kama hanya. In nono bai zube ba, shokazoba ya ci. In ya zube, a kwance shi.

Umma, sunanta Hamida, 'yar malamai ce daga Garin Barau, can bayan Kiyawa, a hayin rafi. A tsangayar mahaifinta ta tashi, kuma ba mace ce mai fita ba sai biki ko suna ko gaisuwa. A lokacinsu miji ba ya ɗaukar matarsa su fita shan iska haka kawai, gari zai ɗauka. Amma gwaji ai aiki ne, wa zai ce wani abu? Sai ka ji maƙwabta suna cewa, “Ɗan'inna ya fita gwaji,” shi ke nan.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne shirin da Umma take yi. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauko atamfarta shuɗiya daga ƙasan akwati, duk don aikin da nono zai zube mata a jiki. Mu yara kuwa ko kusa. In mun yi kuka Baffa ya ce nauyinmu zai ɓata gwajin. Su bi kwalta har Kiyawa, su sauka rairayi, su haye mashigin rafi, su isa wata tsamiya da ke bakin Garin Barau. Ta shiga ta gaida danginta, su dawo kafin magariba da rake ko tsire a takarda.

Kuma sau da yawa nonon zubewa yake yi. Ba a mashigi ba, ba a gargada ba, sai daf da tsamiyar nan inda hanya take shimfiɗe sumul. Baffa ya dawo yana huci, ya cire riga ya shige ƙarƙashin mota. Da safe ya kai wa abokinsa Arzika mai walda shokazoban, su yi ta ja suna turawa.

“Ɗan'inna, wallahi wannan lafiyarsa ƙalau,” in ji Arzika.

“Nono ya zube.”

“To ko hannun mai riƙon ne?”

“Kai dai hannunka, da ko layi ɗaya ba ka iya ja a miƙe. Hamida za ta ɗauki tulu a ka daga nan har Kiyawa ba ɗigo.”

Sai a gyara abin da ba a ga laifinsa ba, a sake sa ranar gwaji, Umma ta sake wanke atamfa ta shanya.

A hankali zamani ya juya. Kwalta ta shiga ƙauyuka da yawa, babura suka cika gari, Keke Napep ya zo ya kwashe sauran fasinja. Albarka ta koma jiran damina, ko ranar da wani zai kwaso amfanin gona daga lungun da ba mai shiga. Gwiwoyin Baffa suka fara ciwo, mu muka yi aure muka watse. Gwaji ya yi ta ja baya har ya tsaya, ban ma san ranar da aka yi na ƙarshe ba. Har yau in na ji warin tsala da safe sai zuciyata ta koma zauren gidanmu, ina leƙen Umma tana hawa mota tana ɓoye dariya da gefen mayafi.

Shekarar da ciwo ya kama ta, da baya ya fara. Muka yi ta zaryar asibiti a nan Dutse, daga ƙarshe likita ya kira Baffa da yayana Fa'izu ya gaya musu gaskiya. Ciwon ya ci ƙashin bayanta, ya yi rauni, jijjiga ɗaya mai ƙarfi tana iya karya shi ta kwanta ba motsi. Ya ce a mayar da ita gida a lallaɓa ta. Bai faɗi sauran ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa. Ta ce a kai ta Garin Barau wurin yayarta, Inna Bilki, wadda tsufa da makanta suka hana ta tafiya. Tana so ta kwanta a ɗakin da aka haife ta, ta ji karatun asuba na tsangayar mahaifinta. Ƙarshen damina ne, kuma Garin Barau na cikin garuruwan da kwalta ta manta da su. Fa'izu ya hau babur ya je ya duba hanya, ya dawo da laka har gwiwa.

“Baffa, ƙaramar mota ba za ta shiga ba. Ruwa ya zaizaye gangaren mashigi. Sai tarakta, ko Albarka.”

Baffa ya juya ya dubi motar. Ya san Albarka za ta shiga, ya kuma san yadda ya gina ta. Mota ce ta buhu, sai an danne ta da kaya take laushi. In ba kaya, duk tsakuwar da ta taka sai ka ji ta a haƙoranka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa direbobi faɗa a kan jikin fasinja, yau motarsa ce ba za ta iya ɗaukar matarsa ba. Na ga abin ya ci shi, don ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Washegari ya tura Albarka garejin Arzika. Suka zare fallayen da ya yi shekaru yana ƙarawa, mota ta yi laushi amma ta zauna ƙasa, cikinta ba zai tsallake tudun tsakiyar hanya ba. Sai Arzika ya ƙera wa sifirin maratayi masu tsawo, ta sake ɗagawa. Tsofaffin shokazoban suka zama gajeru, ba sa kaiwa. Baffa ya yanki karan dawa daidai tsawon da yake buƙata, ya riƙe shi kamar sanda ya shiga motar Kano.

A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota, ya wuni. Fa'izu da ya raka shi ya ce shago shago suka bi, Baffa yana auna kowanne da kara, ya kafa shi a ƙasa ya danna da ƙirji, ya saki ya ga yadda zai dawo. Aka nuna masa masu iska, sababbi fil, aka ce su ake yayi. Ya ce waɗannan na samari ne masu gudu, taurin kai gare su. Ya zaɓi dogaye masu mai, waɗanda suke tafiya a hankali su dawo a hankali.

Da aka ɗaura su sai ya tsaya a tsakar gida yana sosa ƙeya. Gwaji ya zo, mai riƙon ƙwarya tana kwance. Umma ta hango shi daga ɗaki.

“Malam, ka tafi da Afra'u mana. Ai hannu gare ta.”

“Wannan mai rawar kan?”

“'Yarka ce dai.”

Haka na shiga gaban Albarka da ƙwarya a cinya, ina uwar 'ya'ya uku, abin da na yi kuka a kansa ina yarinya. Tafiya ta yi daɗi. Muka sauka rairayi mota tana lilo a hankali, nono yana kaɗawa bai taɓa baki ba, Baffa har ya fara yi mini labarin tasha. Da muka zo gangaren mashigi taya ta faɗa wani zaizayayyen wuri, sai ji na yi ƙum! Ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙarar ta bi ta ƙashin bayana har ka. Nono ya wanke mini fuska.

Baffa ya kashe mota. Bai dube ni ba, ya sauka ya durƙusa a laka ya leƙa. Shokazoban baya ɗaya ya fashe, mai yana tsiyaya. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce a hankali, “Da ita ce a kujerar nan, da na kashe ta da hannuna.” Ban taɓa jin muryarsa haka ba, tsoro ya kama ni.

A hanyar dawowa ya yi mini bayani, shi da kansa yake wa faɗa. A saman aksil, ƙarfen nan da ya haɗa tayoyi biyu, akwai wani dunƙulen roba manne da jikin mota. Aikinsa in mota ta nutse sosai ya tare ta, kafin shokazoba ya kai ƙarshen tsukewarsa. Duk shekarun da Albarka take da tauri ba ta taɓa nutsewa ta kai ga robar nan ba, har ya manta da ita. Yanzu ta yi laushi tana nutsewa, an ɗaga ta robar ta yi nisa, ga dogon shokazoba ko ya tsuke dogo ne. Sai ya riga robar kaiwa ƙarshe, dukan ya sauka a kansa.

“Kara ɗaya na yanka,” in ji shi. “Na auna miƙewa ban auna tsukewa ba. Hankalina yana ɗakin uwarki.”

Aka aika Kano aka kawo madadin wanda ya fashe, da sababbin robobi masu taushi. Saura a sauko da robar ƙasa, a sa mata ƙarin ƙarfe a bayanta. Nan rigima ta tashi a kan tsawon ƙarfen. Arzika ya ce a yi shi dogo a huta. Baffa ya ce in ya yi tsawo mota za ta riƙa dukan roba a kowane ɗan rami, bayan Hamida ne zai sha. In kuma ya gaza, an koma gidan jiya.

Yadda ya auna abin, unguwa ba ta manta ba. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci ya roƙi jama'a su hau bayan Albarka ɗaya bayan ɗaya. Shi yana kwance a ƙasa da kara a hannu yana kallon shokazoba yana tsukewa. Mai shayi ya hau, tela ya hau, dattawa suka hau ana riƙe musu hannu.

“Saura kaɗan! A ƙaro mutum ɗaya mai jiki!”

Kowa ya waiwaya ya dubi Liman. Liman ya yi dariya ya tattare babbar riga ya hau.

“Tsaya haka! Kada wanda ya motsa!”

Ya bar wa shokazoba sararin yatsa biyu, ya auna tazarar da ta rage tsakanin roba da aksil, ya karya kara a nan. Da aka sauko ba wanda ya yi masa tsiya, kowa ya san don wa ake yi. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa Umma addu'a a nan bakin titi. Arzika ya yanka ƙarafan daidai karan, kuma ranar layinsa ya miƙe.

Gwaji na biyu mun wuce mashigi lafiya. Mota ta nutse, na ji ta taɓa roba a hankali ta taso. Muka bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar nan har gindin tsamiya, ko ɗigo bai zuba ba. Baffa ya dubi ƙwarya, ya dubi tsamiya, ya sake duban ƙwarya. “Ikon Allah,” kawai ya ce, ya juya kan mota.

Ranar tafiya da hantsi muka shimfiɗa katifa a baya, Fa'izu ya yi mata rumfa. Da aka fito da Umma a kujera sai na ga ta sa kwalli, ga shuɗiyar atamfar nan a jikinta, ta yi mata yawa. Ta dubi katifa ta girgiza kai.

“Ni ba buhu ba ce. Gaba zan zauna. Ina ƙwaryata?”

“Hamida, an riga an gwada,” in ji Baffa.

“Wa ya gwada? Mai rawar kai?”

Ba yadda muka iya. Aka tokare ta da matasai a tsakiya kusa da shi, ni ina bakin ƙofa na riƙe kafaɗarta, aka ɗora mata ƙwarya a cinya. Hannayenta sun rame har ina ganin jijiyoyi, amma riƙon bai canza ba. Baffa ya yi bisimilla ya tayar.

Ban taɓa ganin ya yi tuƙi irin na ranar ba. Babura suna wuce mu, har amalanke ya kusa. Umma tana kallon gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, tana faɗin sunan masu su, rabinsu sun rasu. Ta tuna masa inda taya ta taɓa fashe musu suka zauna shan rake a gindin kuka, ya ce ba kuka ba ce ɗorawa ce, suka yi ta musu. Muka doshi mashigi. Gumi yana bin wuyan Baffa. Taya ta sauka, mota ta nutse, ta taɓa, ta taso. Na dubi fuskar Umma, ba ta ko yamutsa ba.

“Sannu, Malam,” ta ce.

Ya gyaɗa kai.

Daga nesa muka hango tsamiya, ga mutane a gindinta, ga Inna Bilki an zaunar da ita a tabarma tana juya kai wajen ƙugin mota. Hanya ta miƙe sumul, nono yana nan yadda aka zuba shi. Ina kallo, da idona, Umma ta karkata ƙwaryar a hankali da yatsunta. Nono ya gangaro ya jiƙa shuɗiyar atamfa. Ba ta ɓoye ba, sai da ta tabbata ya gani.

“Malam, shokazoban nan bai yi ba. Sai an sake gwaji.”

Baffa ya tsayar da mota. Ya dubi zanin, ya dube ta, ta dube shi tana wannan dariyar da take ɓoyewa da mayafi. A nan na gane abin da ya sa nono yake zubewa a bakin tsamiya tun ina yarinya, kuma daga yadda bai yi mamaki ba na gane ba yau ya sani ba.

“To, Hamida,” ya ce. “Allah ya kai mu. Za a sake.”

Ya buɗe ƙofa ya sauka ya shige ƙarƙashin mota. Mata suka zo aka sauke Umma, aka kai ta ga yayarta, suka rungume juna ana kuka ana dariya. Shi yana can a kwance, ƙafafunsa kawai ake gani. Wani ya ce a miƙa masa sifana, Fa'izu ya ce a ƙyale shi.

Umma ba ta dawo Dutse ba. Ta ji karatun asubar da take so, kuma kafin a gama girbin dawa Allah ya karɓi abarsa, aka rufe ta kusa da mahaifinta. Ina kewarta kullum, amma na gode wa Allah da ta isa gida a zaune, da kwallinta.

Baffa yana nan, ya tsufa, faɗan ma ya ragu. Albarka ba ta ƙara ɗaukar buhu ba, ya ƙi mayar da fallayen sifirin, Arzika ya yi magana har ya gaji. Kowace Juma'a yakan tayar da ita ta ɗan yi ƙugi, ya goge kujerar gaba. Kwanakin baya wasu samari masu sha'awar tsofaffin motoci suka zo, suka leƙa ƙarƙashinta, suka yaba aikin, suka roƙe shi ya sayar musu ko da shokazoban ne da ƙarafan robar. Ina zaure ina jin su.

“Ba na sayarwa ba ne,” in ji Baffa. “Ba a gama gwada su ba.”